Ba a Taɓawa

A gidan tarihin da nake yankar tikiti, in ka ce Yaya kake nema ba lalle a gane ka ba, don yayye sun yi mana yawa. Amma ka ce Ba-a-taɓawa, ko mai sharar tsakar gida zai nuna maka bene, ƙofar ƙarshe, ɗakin hotuna. Can take zaune a kan wata kujerar katako mai gajeriyar ƙafa ɗaya, wadda ta tokare da ninkakken kwali tun kafin a ɗauke ni aiki. Tsaron ɗakin ne aikinta. Ni Yaya nake ce mata, don ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ita ta koya mini yadda ake cin abinci a bakin aiki ba tare da Darakta ya ji ƙamshi ba.

Da guminta ta sami sunan. Ko baya ta juya, muddin yatsa ya doshi gilashi sai ka ji muryar nan, ba tsawa ba faɗa: "Ba a taɓawa." Ta faɗa wa 'yan makaranta, ta faɗa wa malamansu, ta faɗa wa baƙi masu rataye da kyamara. Ta taɓa faɗa wa wani babban mutum da ya zo da 'yan rakiya sun cika ɗakin, ya janye hannu kamar ya dafa dutsen guga. Ita kanta ba ta taɓawa. Ƙura ma da wani ɗan burushi mai laushi take kaɗe ta, hannu ɗaya a bayanta don kada ya yi mata shisshigi.

Amma mutane, in za a tsallaka titi, riƙe su take yi, kuma riƙon nata daban ne. Ba ta kama tafin hannu. Wuyan hannu take zagayewa da babban yatsa da na tsakiya, ta kwantar da manuniya a kan dantse. Haka ta riƙe 'ya'yanta, haka take riƙe jikarta, haka take riƙe ni da girmana da 'ya'yana uku in mun tashi aiki. Na sha ce mata, "Yaya, sake ni mana, ana kallonmu." Sai ta ce in bari mu haye tukuna.

Kujerar mai tsaro a bakin ƙofa ya kamata ta zauna, don a ga mai shiga da mai fita. Ta Yaya a karkace take, tana fuskantar bango. A bangon akwai wani ƙaton hoto baƙi da fari, ya fi tabarma faɗi, na wani tsohon layi da aka rushe aka yi babban titi a kansa tun ban zo duniya ba. Mai hoton a bakin famfon kan kwana ya tsaya, don ga kan famfon nan a ƙasan hoton. Shaguna hagu da dama, kekuna, masu tafiya, wani mutum yana miƙa wa mai shago wani abu. Da yake an buɗa hoton ya yi girma fiye da ƙarfinsa, komai dishi-dishi yake. Can ta hannun dama akwai wata mata tsaye a bakin ƙofa, fuskarta ba ta fi kan babban yatsa ba, kuma ba ido ba hanci, toka-toka ce kawai.

Na daɗe ina jin Yaya tana magana ita kaɗai da safe kafin a buɗe gida, na ɗauka addu'a ce. Wata rana na hau kai mata shayi na ji da kunnena.

"Inna, mun tashi lafiya? Yau ƙafar nan da sauƙi."

Sai ta juya ga mutumin da ke gaban shago ta harare shi. "Kai kuma har yau da hagu kake miƙa wa mutane kaya. Ba a yi maka tarbiyya ba."

Da yake bakina ba ya shiru, na tambaya. Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce a layin nan aka haife ta. Mahaifinta mai gyaran keke ne, mahaifiyarta ta rasu tun ba a sa ta makaranta ba, kuma ba a gama zaman makoki ba gwaggonta ta ɗauke ta zuwa wancan gefen gari. Ba wanda ya taɓa ɗaukar matar hoto. In ta tambayi gwaggo yaya kamannin Inna suke, sai ta ce, "Kyakkyawa ce, Allah ya jiƙanta, tashi ki wanke kwanuka." In ta tambayi mahaifinta sai ya sunkuya yana ɗaure wayar keken da ba ta kwance ba. Duk sun tafi da abin da suka sani. Ita kuma abu biyu kacal suka rage mata a ka: in an baro famfo gidansu yana hannun dama, sai kuma yadda ake riƙe mata hannu. Fuska kuwa ta sha rufe ido ta nema, ba ta zuwa.

Bayan mijinta ya rasu ta zo nan neman aikin shara, ranar farko aka tura ta bene da tsintsiya. Ta ga famfon, ta bi dama da ido, ta ga mace a bakin ƙofa. Ta ce nan take ta zauna daɓas a ƙasa. Daga ranar ta dinga roƙo har aka ba ta tsaron ɗakin. Sau da yawa an so a mayar da ita ƙasa saboda ciwon gwiwa, ta ce ita benen ne maganinta.

Na ce, "Yaya, wannan fa ɗigon toka ne. Ta yaya kika san ita ce?"

Ta ce, "Ke dai je ki yanki tikitinki."

Na yi dariya na sauko, amma maganar ta biyo ni. Tawa uwar tana nan da ranta, kullum sai ta kira ni a waya ta yi mini faɗa a kan gishiri ko tarbiyyar yara, wani lokacin ina kallon wayar tana ƙara in ƙi ɗauka. Ga mace ta haura sittin tana hawa bene da ciwon gwiwa don ta gaishe da tabo a jikin takarda. Tausayinta ya kama ni, kuma bai sake ni ba har yau.

Shekara ashirin da wani abu suna haka, ita da matar bakin ƙofa, sai Darakta ya tara mu ya ce gidan zai shiga zamani. Baƙi sun ragu, matasa ba sa zuwa, wanda ya zo ma wayarsa yake kallo. Saboda haka za a bi su inda suke. Za a manna wasu 'yan tambura masu ɗige-ɗige a jikin kowane akwatin gilashi, ka haska da waya ta karanta maka labarin abin. Za a kawo abin sawa a kunne mai bayani. Ɗakin hotuna kuma za a kafa manyan alluna irin fuskar waya, mutum ya buɗa hoto da yatsunsa ya ga duk abin da yake so. Ni haushina ɗaya, an ce har tikiti za a riƙa saya ta waya, kamar almakashina ya yi wa wani laifi.

Wadda ta zo yin aikin wata mata ce da muke kira Injiniya, doguwa, marar yawan magana, kullum da tabarau a goshi tana neman sa a jaka. Ta shigo da akwatuna da wayoyi, ta mamaye ɗakin ajiya na ƙasa inda tsofaffin finafinan hotuna suke. Ranar da aka kafa allon farko a bene, aka kunna, rubutu ya fito da manyan baƙaƙe yana cewa a taɓa nan. Yaya ta karanta, ta sake karantawa.

"A taɓa? A ɗakina?"

Muka yi ta dariya har da Darakta. Dariyar ta tsaya da ya ƙara da cewa babban hoton layin za a sauke shi a kai ɗakin ajiya, don haske ya cinye shi, allo zai maye gurbinsa. Yaya ta juya mana baya. Ta koma kujerarta ta zauna, kuma ranar ko shayin da na kai mata sai da ya huce na ɗauke abina.

Ba ta aike ni ba, amma na sauka na sami Injiniya na kwashe labarin duka na faɗa mata. Ta cire hannu daga kan kwamfuta ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce abin da ke bango kwafi ne kawai. Asalin yana jikin fim ɗin da mai hoton ya ɗauka, kuma fim ɗin babba ne mai kyau, yana riƙe da abubuwan da takarda ba ta taɓa nunawa ba. In ta sa shi a na'urarta ta ɗauke shi tsaf, ana iya ganin fuskoki. Ta ce ba ta yi alkawari ba, amma ana iya gani.

Na hau bene da gudu kamar yarinya, ina tsammanin Yaya za ta yi guɗa. Ta dube ni kawai, ta ce wa ya sa ni. Kwana biyu ba ta kula ni ba. A na uku, muna tsallaka titi, hannuna a cikin riƙonta, ta yi magana ba tare da ta kalle ni ba.

"In ta fito ba ta yi kama da ni ba fa?"

"Sai ki ce babanki kika biyo."

"In tana ɓata rai fa? Ni kullum da murmushi nake ganinta."

Muka haye, ta sake ni.

Injiniya ta zaɓi ranar da gidan ba ya buɗewa, da hantsi. Yaya ta zo cikin kayan da ban taɓa ganinta da su ba sai ranar auren autarta, har da turare. An riga an sauke babban hoton, bangon ya bar wani farin murabba'i, allon yana tsaye a gabansa, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum zuwa sama da kai. Mu uku ne a ɗakin. Na lura Injiniya tana ta juya tabarau a hannu.

Ta ce, "Mama, akwai abin da zan nuna miki kafin mu je wurin fuskar."

Ta taɓa allon, layin ya fito, tas kamar an wanke shi da sabulu. Har ƙusoshin ƙofofi ana gani. Amma wani abu bai zauna daidai ba, kamar ka shiga ɗakinka ka tarar an sauya wa gado wuri.

Yaya ta ce, "'Yar nan, kin juya shi."

"Ba ni na juya ba, Mama. Fim yana da gaba da baya, kuma in ba a lura ba kusan iri ɗaya ne. Wanda ya wanke babban hoton can da daɗewa kifa shi ya yi, dama ta koma hagu. Da yake dishi-dishi ya fito, kuma layin ba ya nan balle a gwada, ba wanda ya gane. Duba nan."

Ta buɗa yatsu biyu a kan wani shagon gyaran agogo. Agogon da ke rataye a ƙofarsa ya taso, lambobinsa a zaune daidai yadda ake karanta su. Ta matsa kan mutumin nan da Yaya ta shekara ashirin tana yi wa faɗa. Ga shi nan bawan Allah, da hannun dama yake miƙa kayansa, har da ɗan rusunawa.

Dariya ta kufce mini. Na ce, "Yaya, sai ki nemi gafarar mutumin nan." Ban rufe baki ba na gane abin da hakan ke nufi. Matar bakin ƙofa ta koma hagu.

Yaya ta ce, a hankali, "Buɗe ta in gani."

Injiniya ta buɗa. Fuskar ta taso daga cikin toka, mace mai faɗin goshi da wushirya, tana dariya da wani wanda ba ya cikin hoton. Kyakkyawa ce kuwa. Yaya ta daɗe tana kallonta, ni kuma ina kallon Yaya ina neman ko hanci ko haɓa da zan ce ga kama, ban samu ba.

"Gidanmu yana dama," in ji Yaya. Ta sake faɗa, kamar mai karanta wa kanta. Sannan ta ce, "Ashe matar mutane nake gaisarwa."

Na yi da-na-sanin bakina a lokacin. Na ce a raina da na bar ta da ɗigon tokarta, da yanzu tana da uwa.

Injiniya ta ce, "Saura abu ɗaya. Fim ɗin ya fi abin da ke bango faɗi. Da za a sa shi a firam an yanke gefe don ya shiga. Gefen da aka yanke shi ne hannun dama na gaskiya."

Ta ja hoton da yatsa, layin ya gangara, wani yanki da ba wanda ya taɓa gani a gidan nan ya shigo. Bango, tayar keke a jingine, wata a rataye a ƙusa. Ƙofa a buɗe. A bakin ƙofar wata 'yar mitsitsiyar yarinya da gwangwani a hannu, ta karkata gaba tana ja za ta famfo. Tun kafin a buɗa fuskar na dafe ƙirji, don na san goshin nan da kunnuwan nan masu tsayawa. Yaya ce tana ƙarama, kamar jikarta sak, wadda take zuwa ta zauna mini a kan teburin tikiti ranar da ba makaranta.

Ɗaya hannun yarinyar yana sama, an riƙe shi. Injiniya ta ƙara buɗawa har hannun da ya riƙe ta ya kai girman hannun mutum. Hannun mace ne, siriri, da awarwaro ɗaya. Babban yatsa da na tsakiya sun zagaye wuyan hannun yarinyar, manuniya a kwance a kan dantse. Daga gwiwar hannun zuwa sama kuma sai baƙin layi, inda fim ya ƙare.

Yaya ta matso har numfashinta yana sauka a kan allon, hannuwanta biyu a baya.

"Matsa."

"Nan ya ƙare, Mama."

"Matsa kaɗan dai."

Injiniya ta ja, hoton ya ɗan motsa ya dawo inda yake. Da mai hoton nan ya karkata kyamararsa ko da faɗin yatsa ne, da an gama. Ban san shi ba, ya daɗe a ƙasa, amma ranar na ji haushinsa kamar in tone shi in tambaye shi saurin me yake yi.

Injiniya, da idonta ya ciko ita ma, ta ce akwai manhajar da in an ba ta hannun da fuskar yarinyar za ta iya zana sauran jikin, har fuska, ta yi kyau kamar gaske.

Yaya ta ce, "Ta san ta ne?"

"A'a. Kintace za ta yi."

"To bar shi, 'yar nan. Na gaji da kintace."

Muna tsaye haka sai allon ya yi duhu, ya koma shafin farko mai cewa a taɓa nan. Yaya ta zabura.

"Ina ta tafi?"

Injiniya ta ce haka aka tsara shi, in an ɗan jima ba a taɓa ba sai ya ɗauka mai kallo ya wuce, ya koma farko don na baya. Ta dawo da hoton, ta ce in ana son ya tsaya sai a bar yatsa a kai. Ta ja da baya. Na ga hannun Yaya na dama ya fito daga bayanta, ya tsaya a iska. Ni da na shekara da shekaru ina jin kalmomin nan biyu daga bakinta, har na buɗe baki zan tsokane ta da su, kuka ya riga ni. Ta ɗora yatsanta a kan bayan hannun.

Injiniya ta wanke mata hoton a takarda, ta kuma tura wa autarta a waya. Yaya ta karɓa ta yi godiya, yana nan a ɗakinta a saman gado. Amma ta ce na takarda ƙarami ne, a allo ne kawai hannun yake kai girmansa. Gidan kuwa ya cika da mutane kamar yadda Darakta ya so. Yara suna turereniya a gaban alluna, tsofaffi suna zuwa neman ƙofofinsu a tsohon layin, wasu su samu wasu su koma haka nan. Tikiti ma har yau ni nake yanka, don rabin wayoyin ba sa samun sabis a bakin ƙofarmu. Yaya tana nan da "ba a taɓawa" a kan akwatunan gilashi, allo kuwa da tsumma take bin sa tana goge sawun yatsu tana mita. Matar mai wushirya ma ba ta daina gaishe ta ba. Ta ce mace ta riƙe maka wuri shekara ashirin, ba ka wuce ta ba sallama.

Jiya da safe na hau kai mata shayi. Tana tsaye a gaban allon, ta jingina da sandar da gwiwa ta sa ta fara riƙewa, yatsa ɗaya a kan hannun. Na ajiye kofin a kan kujera na ce motar 'yan makaranta ta iso, mai gadi yana shirin buɗe ƙofa, ta zo ta sha tun da zafinsa.

"Ina zuwa."

"Yaya, ƙafarki fa. Zauna mana, ai tana nan."

Ba ta juyo ba.

"In na sake ta tafiya take yi."